Babi na Uku: Jajaye Biyar, Farare Biyar

Wata ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na biya ta gidan ƙanwata na tarar ana ta shewa a tsakar gida. 'Yarta mai shekara huɗu da 'yan watanni ce tsaye a kan tabarma, ta harɗe hannu a ƙirji, tana zuba ƙirga ba ko numfashi. Ta kai ashirin ba ta yi tuntuɓe ba. Uwar ta waiwayo da fara'a ta ce, "Yaya, ka ji 'yar taka? Wata uku kacal da sa ta makaranta." Na yi murna ƙwarai, na sa mata albarka. Akwai dabino a faranti kusa da mu, sai na ce, "Zo nan 'yar Kawu, ɗebo mini dabino shida." Ta zura hannu ta damƙo, ta miƙo mini: "Ga shi, Kawu." Guda tara ne. Na ce to ta ƙirga mu gani. Ta fara taɓawa tana faɗa, amma bakin ya fi yatsan sauri. Ta tsallake guda, ta taɓa wani sau biyu, ta tsaya a sha ɗaya. Na ce, "To nawa ke nan?" Ta dube ni, ta dubi dabinon, ta sake farawa daga ɗaya.

Yarinyar ba ta da laifi, haka ma malamarta. Kowane yaro ta wannan hanya yake bi. Jera sunayen lambobi hadda ce, kuma yaro ba ya rasa ƙwaƙwalwar hadda. Ƙirga kuwa wani aiki ne daban. A shekarar 1978 wasu masana halayyar yara a Amurka, Rochel Gelman da C. R. Gallistel, sun fitar da littafi a kan yadda yaro ke fahimtar lamba, suka warware abubuwan da dole su haɗu kafin a ce yaro ya iya ƙirga. Uku daga ciki su ne ginshiƙai: kowane abu ya sami suna ɗaya, ba tsallake ba maimaici, sunayen su riƙa zuwa a jere iri ɗaya kullum, sannan yaro ya gane cewa sunan da ya faɗa a ƙarshe shi ne adadin tarin baki ɗaya. 'Yar ƙanwata ta riƙe na biyu daram, na farko yana mata santsi, na uku kuwa bai iso ba tukuna. Shi ya sa da na ce "nawa ke nan" ta ɗauka cewa nake ta sake rerawa. Bayan su, Karen Wynn ta gwada ƙananan yara da irin abin da na yi da dabino, wato a ce wa yaro "ba ni kaza", ta ga cewa sukan fara gane ɗaya, sai bayan watanni su gane biyu, sannan uku, alhali tun tuni bakinsu ya iya jerawa har goma.

Wannan shi ne tudu na farko, kuma yawancin yara suna haye shi da kansu. Tudu na biyu shi ya fi damuna, don akwai yaran da ke makalewa a kansa shekara da shekaru. Duk wanda ya taɓa buɗe bayan littafin lissafi na ɗan aji uku a firamare ya san abin da nake nufi: layi-layi na 'yan sanduna da aka zana da fensir. An ba yaro ashirin da takwas a tara da sha bakwai, sai ya zana sanda ashirin da takwas, ya zana sha bakwai, ya koma farko ya bi su ɗaya bayan ɗaya. In ya yi sa'a ya sami arba'in da biyar. In hankalinsa ya ɗauku a tsakiya ya sami arba'in da huɗu, kuma ba shi da hanyar da zai gane ya kuskure. Yaron nan ya iya ƙirga, har ma ƙirgar ce ta riƙe masa ƙafa. Tsakuwa da marafan kwalba da tsinken ashana da ake sa yara su kawo aji suna da amfani a farkon tafiya, amma tari ne kawai, ba su da siffa. Tsakuwa bakwai da tsakuwa takwas in an zube su a ƙasa, ido ba ya bambance su sai an ƙirga.

Wannan matsala ce ta sa wani masanin koyar da lissafi a ƙasar Holan, Adri Treffers, na Cibiyar Freudenthal da ke birnin Utrecht, ya tsara wani ɗan allo da suke kira rekenrek da harshensu. In ka gan shi sai ka raina shi. Katako ne mai waya biyu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, kowace waya da ƙwaya goma: biyar jajaye, biyar farare. Shi ke nan. Ba lamba a rubuce, ba ƙararrawa, ba batir. Dabarar duk tana cikin launin nan biyu. Idon ɗan Adam yana iya cafke abu uku ko huɗu a kallo ɗaya ba tare da ya ƙirga ba, amma daga nan sai ya fara lalube. In aka raba goma gida biyu da launi, sai idon ya sami madogara. Yaro ya ƙirga jajayen nan sau ɗaya, sau biyu, sau goma, har ya yarda cewa biyar ne kullum, kamar yatsun hannunsa. Daga ranar da ya yarda, bakwai ta tashi daga matsayin tafiya mai zango bakwai, ta koma "jajaye duka da farare biyu". Tara kuwa "duk layin, saura ɗaya".

Ga yadda ake zama da yaro a gabansa. Ƙwayoyin duka suna farawa a gefen dama, wanda ake lissafi da shi kuwa a turo shi hagu, jajaye su fara zuwa. A kwanakin farko a bar yaro ya tura ɗaya-ɗaya yana faɗa. A nan allon ya fi tsakuwa, domin ƙwayar da aka tura ta bar 'yan uwanta, babu yadda za a yi a ƙirga ta sau biyu, kuma nauyin turawar yana rage wa baki gudu har ya jira yatsa. Amma kada a daɗe a nan. Da zarar hannunsa ya faɗa, sai a canza doka: "Nuna mini shida, amma da turi ɗaya." Nan za ka ga yaro ya tsaya, ya sa yatsa a bayan farar ƙwaya ta farko, ya share su gaba ɗaya zuwa hagu. Kafin yatsan ya motsa, ido ya riga ya yi aikin. Wannan ɗan tsayawar da yake yi, ita ake nema.

Daga nan wasanni suna da yawa. Ka tura takwas, ka nuna masa na ɗan ƙiftawar ido, ka rufe da hula, ka tambaye shi abin da ya gani. Ka rufe gefen dama da ƙyalle ka ce, "Shida sun fito, nawa suka ɓuya?" Da haka yake sanin abokan goma, shida da huɗu, bakwai da uku, ba tare da an sa shi rera su ba. Ka ce ku haɗa bakwai tare, kai ka tura uku a sama, shi ya cika a ƙasa. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci kuma ba "nawa ne?" ba ce kaɗai. Ka bi ta da "yaya ka gani?" Wani yaron zai ce ya ga biyar da uku, wani ya ce ya ga goma babu biyu, kuma dukansu sun yi daidai. Yaron da ya ji ɗan'uwansa ya bi wata hanya ya iso inda ya iso, ya koyi abin da allon bango ba ya koyarwa.

Dubi takwas a tara da bakwai, lissafin da ke sa yara da yawa su ƙare yatsun hannu su sunkuya neman na ƙafa. A tura takwas a layin sama: jajaye biyar, farare uku. A tura bakwai a layin ƙasa: jajaye biyar, farare biyu. Yanzu a ɗaga kai a duba. Jajaye sun tsaya biyar bisa biyar, goma ke nan. Farare uku da biyu, biyar. Goma sha biyar. Ba wanda ya ƙirga komai. Wani yaron kuma zai lura cewa bakwai bisa bakwai sun yi daidai wa daida, da ƙwaya ɗaya ta yi rara a sama, ya ce sha huɗu da ɗaya. Na taɓa ganin fuskar yaro a daidai lokacin da jajayen nan goma suka bayyana masa a dunƙule, kuma ban san wani abu a harkar koyarwa da ya fi wannan daɗin kallo ba.

Allon ƙwayoyi ba Treffers ne ya fara shi ba, ya dai rage shi ne ya gyara. Wanda aka fi gani a shagunan kayan wasa, mai waya goma da ƙwaya ɗari masu launi barkatai, ana danganta shigarsa makarantun Yammacin Turai da wani sojan Faransa masanin lissafi, Jean-Victor Poncelet. An kama shi a yaƙin da Napoleon ya kai Rasha a 1812, aka tsare shi a garin Saratov. A can Rasha 'yan kasuwa suna lissafi da wani allo mai suna schoty, kusan kowace waya ƙwaya goma, biyun tsakiya launinsu daban don ido ya huta a kansu. Da aka sake shi ya koma Faransa da shi, aka fara amfani da irinsa wajen koya wa ƙananan yara. Maria Montessori ma, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, ta sa allon ƙwayoyi cikin kayan aikinta: waya ta ɗaiɗai kore, ta gomomi shuɗi, ta ɗaruruwa ja. Abin takaici shi ne yawancin na kasuwa yau sun yar da hikimar 'yan kasuwar Rasha. Ana yi wa kowace waya launi ɗaya tas, ƙwaya goma rawaya a jere, don ya ƙayatar. Irin wannan yana mayar da yaro ga ƙirga ɗaya-ɗaya, abin da ake son a raba shi da shi. In shi ne a gidanka, fenti kaɗan ya isa ya gyara shi.

Akwai wani allon kuma da bai kamata a rikita shi da wannan ba, wato na Sin da Japan. Na Sinawa, suanpan, yana da ƙwaya biyu a sama da biyar a ƙasa a kowace sanda. Na Japanawa, soroban, an rage shi zuwa ɗaya a sama, huɗu a ƙasa. Ta saman tana matsayin biyar, kowace sanda kuma tana da darajarta: ɗaiɗai, gomomi, ɗaruruwa. Na'urar lissafi ce sosai. A watan Nuwamba na 1946 an yi gasa a Tokyo tsakanin wani ma'aikacin Japan, Kiyoshi Matsuzaki, da soroban ɗinsa, da wani sojan Amurka, Thomas Wood, da injin lissafi mai aiki da lantarki. Matsuzaki ya ci huɗu da ɗaya. Har yau ana koyar da soroban a firamaren Japan, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa lissafin allon Sinawa cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Waɗanda suka ƙware sukan ajiye allon, su riƙa ganinsa a zuci, yatsunsu na motsi a iska suna tara manyan lambobi. Makafi ma suna da nasu, wanda Tim Cranmer, shi kansa makaho, ya tsara a Amurka: ya shimfiɗa ƙyalle mai laushi a bayan ƙwayoyin don kada su zame in yatsa yana laluba su.

Amma a lura da ajin da Japanawa suke fara soroban: aji uku, ba rainon yara ba. Ƙwaya ɗaya da ke nufin biyar, ko hamsin in an matsa sanda ɗaya, yarjejeniya ce irin ta rubutu. Yaron da bai gama yarda cewa biyar biyar ce ba, in ka nuna masa ƙwaya ɗaya ka ce biyar ce, zai amsa maka don ladabi, amma idonsa ɗaya yake gani. A allon Treffers kowace ƙwaya ɗaya ce, ba ta ƙarya. Shi ya sa nake ganin shi ya dace da ɗan shekara huɗu zuwa bakwai, soroban ya biyo baya ga mai so.

Ina kuma jan hankalin iyaye game da masu tallar darasin abakus, wato allon lissafi, da ke cewa yana buɗe ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, yaro ya zama haziƙi a kowane fanni. David Barner da abokan aikinsa sun bi wasu 'yan firamare a birnin Vadodara na Indiya har shekara uku, wasu ana koya musu lissafin allo na zuci, wasu ana ƙara musu darasin lissafi na yau da kullum. Sakamakon da suka fitar a 2016 ya nuna 'yan allon sun fi iya lissafi, amma ba a ga ya ƙara musu kaifin ƙwaƙwalwa a sauran gwaje-gwaje ba. Allon lissafi lissafi yake koyarwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin riƙe shi, ba sai an ɗora masa abin da ba nasa ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, wannan tunani na biyar-biyar ba baƙo ba ne a wurinmu. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Tasawa a farkon 1851 kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya ga yadda ake ƙirga wuri, ya rubuta. A bakin teku ana shirya wuri a zare, a ƙasar Hausa kuwa a zube yake, sai an ƙirga. Masu ƙirgar ba ɗaya-ɗaya suke bi ba. Biyar-biyar suke ja da yatsu, su tara hauya, wato ashirin, su yi tsibi na ɗari biyu ko na dubu. Mutumin da zai ƙirga wuri dubu ɗari kafin rana ta faɗi ba shi da lokacin cewa ɗaya, biyu, uku. Hannunsa ya san biyar kamar yadda idon ɗan Utrecht ya san jajayen ƙwayoyi. Ko mai shirya carbi yakan sa shaida bayan kowace talatin da uku, don yatsa ya san inda ya kai ba tare da ya koma baya ba.

Harshen ma ya ajiye mana wannan gado. Bahaushe yana cewa goma sha uku, ka ji goman, ka ji ukun, kamar dai layin sama cike da ƙwaya uku a ƙasa. Ɗan Ingilishi ba ya jin goma a cikin kalmarsa ta sha ɗaya ko sha biyu, sai ya haddace su. Mu kuma muna da abin da ya fi wannan: ashirin ba ɗaya, ashirin ba biyu, talatin ba ɗaya. Tsohuwar da ke cewa "ashirin ba biyu" ta hango cikakken adadi ne ta ja baya, kuma wannan shi ne ainihin abin da allon ke koya wa yaro sa'ad da ya kalli gefen dama ya ga ƙwaya biyu ba su zo ba. Inda harshen namu ke ɓoye wa yaro hanya shi ne a gomomi, domin ashirin da talatin da arba'in daga Larabci muka aro su, ba ka jin biyu ko uku a cikinsu. Kakanninmu suna da gomiya biyu, gomiya uku. Ban ce a daina faɗin talatin ba, amma malamin da ya tura layi uku a allo mai ƙwaya ɗari ya ce "gomiya uku, ita ce talatin" ya ba yaro mabuɗi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an fara wa ɗan shekara uku da "wan, tu, tiri" kafin ya san ɗaya, biyu, uku a harshen da yake tunani da shi. An karɓe masa fitilar da ke hannunsa an ce ya yi lalube.

Yin allon ba ya buƙatar kafinta. Kwali mai kauri ya isa, da igiya biyu ko wayar keke, da duwatsun ado ashirin masu launi biyu irin waɗanda ake sayarwa a layin masu kayan kwalliya. Marafan robar lemo ma sun yi, in aka huda tsakiyarsu da ƙusa mai zafi. Ba dole sai ja da fari ba, launi biyu dai da ido ba zai rikita ba. A bar fili a wayar, kamar faɗin yatsu huɗu, don a ga rata sosai tsakanin waɗanda aka tura da waɗanda suka rage. In akwai mai rarrafe a gidan a ɗaure bakin igiyar tamau, kuma a rataye allon inda hannunsa ba ya kaiwa, saboda ƙananan duwatsu suna shaƙe yaro. A aji mai yara da yawa malami zai iya ɗaura igiya biyu daga taga zuwa taga ya zura manyan marafai, kowa ya gani daga inda yake zaune. Minti goma a rana ya fi awa guda a mako. Kuma a san cewa allon sanda ce ta mai koyon tafiya: ana so wata rana a ajiye shi. Matakan su ne yaro ya tura da hannu, sannan ya kalla kawai ba ya taɓawa, sannan a kife allon ya gan shi a zuci.

Irin na kwali na yi wa 'yar ƙanwata, da duwatsun wata tsohuwar sarƙar uwarta. Watanni sun shuɗe, ina zuwa muna 'yan wasanninmu, wata rana ta ƙi, wata rana ita ke jawo ni. Ana gab da ƙaramar salla na same su suna shirya cincin a robobi. Allon yana rataye a ƙusa can jikin bango, ba wanda ya sauko da shi. Uwar ta ce mata, "Robobi goma za mu kai gidan Hajiya, ga bakwai na cika." Yarinyar ba ta dubi robobin ba. Ta ɗan lumshe ido, yatsanta manuni ya yi wani ɗan motsi a iska daga dama zuwa hagu, ta ce, "Umma, saura farare uku."